Miskilin Urafan

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ta wuce ba, shekarar da na kamu da ciwon karatun littattafan Hausa, har ciwon ya kusa raba ni da wadda ta shafa mini shi.

Ni malamin Faransanci ne a wata kwalaji a Tasawa. A Yamai na tashi, gidan ma'aikacin gwamnati, inda ake soma magana da Hausa, a ratsa ta Zabarmanci, a ƙare da Faransanci. Don haka Hausata ta gaisuwa ce da cefane (ta ishe ni in yi ciniki, ba ta ishe ni in yi faɗa ba). Littafi kuwa, in ba na Faransanci ba ne, ban ɗauke shi littafi ba.

Sai aka kawo mana Ramatu, sabuwar malamar lissafi, 'yar Urafan. Duk lokacin da yara suka fita shan iska za ka gan ta a gindin bishiyar bedi da wani ɗan littafi mai bangon hoto, tana dariya ita kaɗai. Na rasa ta inda zan soma yi mata magana, sai na ce ta ara mini ɗaya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ta ce, "Mushe, ka iya karatun Hausa kuwa?" Na ce wannan wace irin tambaya ce. (Ban iya ba. A shafin farko na ci karo da "ciki", na karanta shi "siki" irin na Faransanci, na zauna ina tunanin ko sunan wata ne.)

Niyyata in ajiye littafin a gida ya ɗan kwana, in mayar mata in ce ya yi daɗi, daga nan hira ta ɗauko. Amma na yi kuskuren buɗe shi. Jama'a, ashe haka abin yake! Kafin azumi na cinye duk na jakar Ramatu. Bayan salla na soma yi wa direbobin Maradi saƙo su taho mini da sababbi. Na ƙone shinkafa, na ƙone wake, na taɓa ƙone tukunyar da babu komai a cikinta. Na naɗe littafin soyayya da bangon littafin nahawu ina karantawa a ɗakin malamai, fuska a ɗaure kamar mai shirya darasi, har ranar da na buga tebur na ce, "Kada ki yarda da shi!" Darakta ya zubar da shayinsa. Ban taɓa jin daɗin shekara kamar wannan ba, kuma a cikinta ne ni da Ramatu muka daidaita.

To, a cikin littattafan nan akwai wani irin namiji da ba ya ƙarewa. Kyakkyawa ne, mai arziki, turarensa na riga shi shiga ɗaki. Ba ya magana sai ta kama. In an gaishe shi sai ya ɗaga gira ɗaya, 'yan mata su yi ta zubewa. Kuma kowace marubuciya da kalma ɗaya take kiransa: miskili. Ban taɓa jin kalmar a gidanmu ba, amma ai ni malamin harshe ne, na san yadda ake gane ma'ana daga mahalli. Na yanke hukunci cewa miskili shi ne mutum mai kwarjini, mai aji, wanda shirunsa ya fi maganar wasu. Ramatu ma ta taɓa cewa, "Ni a littahi miskilin nan nika so." Shi ke nan na samu shaida.

Har gwadawa na yi. Na tsaya gaban madubi ina koyon ɗaga gira ɗaya, sai duka biyun su tashi tare. Ranar da na gwada a lakkol, wato makaranta, Ramatu ta gaishe ni na ce "Uhm", ta fashe da dariya ta ce, "Yau kuma miskilancin ne ya motsa?" Na wuni ina jin kaina a sama.

Bayan girbi maganar aure ta taso. A ƙa'ida manya ne ke zuwa, ango ya zauna gida yana addu'a. Amma mahaifin Ramatu, Alhaji Mamman, ya aiko cewa shi sai ya ga yaron da idonsa. Na goya Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata mai sayar da wake a kasuwar Tasawa, muka kama hanyar Urafan a moto. Muna fama da yashi yana yi mini huɗuba a kunne: "Kai dai ka yi gaisuwa ka ja bakinka. Mutumen ga yana da wuyar sha'ani hwa." Na ce to.

Ranar kasuwa ce, zauren cike da baƙi, ga ƙannen Alhaji biyu a gefensa. Shi kuwa yana zaune a kan buzu cikin farar riga, dogo, fuska ba walwala. Kawu ya zuba gaisuwa tun daga gida har gona. Alhaji ya ce, "Uhm." Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, ya dube ni, sannan ya ɗaga gira ɗaya.

Ɗaya tak! Na kusa yin tafi. Shekara guda ina karanta mutumin nan a takarda, yau ga shi a gabana da ransa.

Can ya ce, "Mushe, an ce kana koya ma yara magana. Kai ba ka da ita?"

Kawu ya taka mini ƙafa. Ban ji ba. Na gyara zama, na tattaro duk Hausar da na tara a shekara, na ce, "Baba, kwarjininka ne ya hana ni magana. Na ga manya a Yamai, na ga manya a Maradi, amma wallahi ban taɓa ganin cikakken miskili irinka ba."

Goro ya sarƙe Kawu. Ɗaya daga cikin ƙannen Alhaji ya cusa bakin riga a baki ya fita da sauri. Daga bayan katanga, ta cikin gida, wata dattijuwa ta ƙyalƙyale da dariya, sai kuma aka ji kamar an toshe mata baki.

Alhaji ya ce, "Mi ka ce?"

Nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya. Ni kuwa na ɗauka kunnensa ne ya yi nauyi. Na ɗaga murya yadda har masu wucewa kasuwa za su amfana, na ce, "Na ce kai miskili ne, Baba. Na ƙarshe ma kuwa!"

Ban san yadda muka fito ba. Na dai san sai da muka bar gari Kawu ya sa na tsayar da moto, ya sauka, ya dafe kai. "Wa ya aike ka? Miskili shi ne wanda in ka ce gabas ya ce yamma, mai murɗaɗɗen hali, wanda ba a gane gabanshi balle bayanshi! Duk Urafan haka aka ce mishi a bayan ido, tun kahin a haihe ka. Ba wanda ya taɓa hwaɗa mishi a gaba, sai kai da ka zo neman ɗiyarshi!" Na ji kamar in tona yashin nan in shige. Na kira Ramatu, ashe labari ya riga ni. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta koma kuka. "A littahi na ce ina son shi! A littahi!"

Satin da ya biyo baya ban buɗe littafi ko ɗaya ba. Tsoro nake ji na gaske, don na san na rasa ta, kuma da bakina. Labari ya zo cewa ƙannen Alhaji sun taru sun ce yaron ba shi da ladabi, kada a ba shi. Abokansa sun ce kada a ba shi. Har limamin unguwa ya ce a sake tunani.

Sai ga kiran Alhaji a wayar Kawu. Ba sallama mai tsawo, ba komai. Ya ce, "Idi, kowa ya ce kada in ba shi. To, na ba shi." Ya kashe waya.

Washegari direban Urafan ya kawo mini zabi biyu a ɗaure. Daga mahaifiyar Ramatu ne (ita ce mai dariyar bayan katanga), da saƙon cewa tun da ta shigo gidan take jiran wanda zai faɗa.

Yanzu littattafan namu a kwali ɗaya suke, kuma bana ma ina karatu kamar bara, tukunya ce dai aka hana ni taɓawa. Abin da na koya shi ne, duk kalmar da na tsinta a littafi sai na kai ta gaban Ramatu ta duba kafin in fita da ita waje. In kuwa ta riga ta kuɓuce, to sai a yi addu'a Allah ya sa ta faɗa kan mai ita.