Ja'afaru Mai Shekara 618

Yau da safe a layin burodi a unguwar Sultana ta Madina, wani dattijo mai sanda ya ja da baya ya ce wa maƙwabcina Ja'afaru kafinta, "Wuce gaba, Baba, kai ne babba." Ja'afaru ko furfura bai fara ba.

Ga asalin maganar. Wani kamfanin katako a ƙasar Suwidin ya ba shi aiki, da sharaɗin ya samu izinin shiga ƙasar kafin sanyi ya shigo. Da ya zo cike takarda, a wurin shekarar haihuwa sai ya kwafi abin da ke cikin iƙamarsa, wato katin zamansa na Saudiyya: 1365. Kowa a Madina ya san Hijira ce. Mutanen can ba su sani ba. Suka cire 1365 daga 1983, suka aiko da wasiƙa cikin ladabi cewa ba sa ɗaukar ma'aikaci mai shekara 618.

"Ashe shi ya sa kullum kake kukan ciwon baya," in ji matarsa Sabuwa.

Na raka shi wani ofishi neman shaidar ƙuruciya. Mai Girma Sarkin Hatimi, Allah ya ƙara masa shayi, ya gama kofi na uku kafin ya ɗago kai.

"Ina shaidu biyu da suka ga haihuwarka?"

"Ranka ya daɗe, a Damagaram aka haife ni, kuma duk sun rasu."

"Ka gani ko? Wanda shaidunsa suka ƙare ai ba yaro ba ne. Bukra."

Bukra, wato gobe, ta ɗauki mako bakwai. Sau biyu aka sake hoto saboda gemun ya ƙaru. A ƙarshe Mai Girma ya yi abin a yaba: ya rubuta cewa Ja'afaru shekararsa talatin da takwas, ya buga hatimi huɗu, ya sa kwanan wata da hannunsa mai albarka: 1403.

Amsa ta iso jiya. Sun gode ƙwarai. Sun yarda cewa a shekarar 1403 yana da talatin da takwas, wanda ya tabbatar da lissafinsu daidai. Aikin an ba wani, amma suna roƙon ya faɗa musu abin da yake ci.

Ya ce in rubuta musu: burodi, kuma yanzu ba ya bin layi.