Tsarabar Alhaji Labbo Daga Zanzibar

Alhaji Labbo Mai Taya, wani ɗan kasuwa a Sakkwato, mutum ne da bai yarda akwai abin kirki a garinsu ba in dai ba a jirgi ya zo ba. Wanda ya fi shan wahalar wannan hali kuwa shi ne taubashinsa, Modi baduku, mai ɗinkin jaka da takalman fata. Shekara ashirin suna zama a majalisa ɗaya bayan la'asar, ko maɓallin fata Alhaji bai taɓa saye a hannunsa ba. Kullum sai dai ya taɓe baki ya ce aikin ƙauye. Shi ko Modi ya rama da cewa ai babu baƙauye kamar wanda iyakar tafiyarsa Illela, nan bakin iyaka.

Wannan magana ta Illela ita ke ci wa Alhaji tuwo a ƙwarya. Don haka da kamfanin da yake sarin taya a wurinsu ya ba shi kyautar hutun mako guda a tsibirin Zanzibar, bai tsaya tambayar ina ne ba. Abu ɗaya ya ƙudurta: ya dawo da abin da zai rufe bakin Modi a gaban jama'a, rufewa ta har abada.

Tun a daren farko tsibiri ya nuna masa ba wasa ya zo ba. Aka kai shi da sauran baƙi cin abinci bakin teku, aka dire masa faranti, ya leƙa ya ga ƙaguwa da ƙafafunta cif, ga kuma wata halitta mai hannuwa takwas an yanka ta a miyar kwakwa. Ya yi salati ya ture. Daga ranar ya koma kan kilishi da yajin da matarsa Hajiya Ige ta cusa masa a akwati, waɗanda ya yi ta yi mata faɗa a kansu wai za ta kunyata shi a gaban Turawa. Kwana uku kilishi ya ƙare, aka koma shayi da burodi, safe da rana da dare.

Yawon ganin gari ma bai fi ba. An ɗora su a kwalekwale za a kai su ganin abin mamaki, Alhaji ya yi ta amai tun daga wannan gaɓa har waccan, da aka isa sai ga kunkuru. Manya ne dai, ba a musu, amma kunkuru kunkuru ne. Washegari aka kai su wata gona, mai yi musu jagora ya yi ta tsinko ganye yana ba su su sansana, Turawa na ta ɗaukar hoto. Alhaji ya sansana ya ji citta ce da kanumfari, kayan shayin da yake sha kullum a ƙofar shagonsa. Takaici ya ishe shi, ga yunwa, ga wando ya fara zamewa daga ƙugu.

Ranar da za su taso ne Allah ya dube shi, a ganinsa. A wani shago cikin lungunan tsohon gari, mai sanyin na'ura da ƙamshin turare, ya hango wata jakar fata ja an rataye ta ita kaɗai, fitila na haska ta. Mai shago ya ɗauko ta da hannu biyu kamar jariri. Alhaji, wanda a kasuwar Sakkwato sai ya yi rabin sa'a yana tayin albasa, ya biya abin da aka faɗa ko tari bai yi ba. A jirgi ma a cinyarsa ta kwana.

Ya sauka ranar Alhamis, Jumma'a da la'asar ya nufi majalisa, hannu ɗaya riƙe da leda, ɗaya yana jan wando sama. Aka yi masa barka da sauka, ya raba wa kowa ƙullin kanumfari, tunda tafiya ba ta cika sai da tsaraba. Ya ba da labarin teku da otal da abincin da ya ce sai wayayye ke iya ci. Sai da ya ga wuri ya cika, har masu wucewa sun tsaya, sannan ya zare jaka daga leda ya ajiye a gaban Modi.

"Kai kuma taka tsarabar ilimi ta," in ji shi. "Ba na ba ka ba, aro na ba ka. Ka tahi da ita gida ka duba yadda mutanen ƙwarai ka aikin hwata, ko Allah ya sa ka koyi wani abu kahin ka mutu."

Jama'a suka yi ta santi, ana miƙa wuya. Modi ya ɗauki jaka ya juya ta, ya shinshina, ya bi ɗinkin da babban yatsa. Alhaji ya gyara zama, daɗi har kunne.

"Ka yi shiru, taubashi. Ko ɗinkin ya ɗaure maka kai?"

"A'a, ina dai gaisawa da ita," in ji Modi. "Mun kwana biyu ba mu haɗu ba."

Ya buɗe jakar, ya zazzago cikinta waje, ya nuna can ƙasan kusurwa. Ga ɗinki uku na koren zare a jere, alamar gidansu tun daga kakansa, wadda duk wanda ya taɓa sayen takalmi a wurinsa ya san ta. Ladanin masallacin unguwa ya cire takalminsa ya duba, ga ta nan. Wani ma ya cire nasa.

"Bara da damina na ɗinka ta," in ji Modi. "Guda arba'in wani dillali ya kwasa, ya ce waje za ya kai. Wagga ma a gabanka na gama ta, kana zaune nan kana ce mani aikin ƙauye."

Dariya ta ɓarke har da masu buga ƙafa. Gumi ya karyo wa Alhaji, amma ɗan kasuwa ba ya faɗuwa bai dafa ƙasa ba. Ya yi gyaran murya ya ɗaga hannu.

"To ai maganata ta hito! Nan wa ka kallon ta? Sai da ta ƙetare teku taz zama abin a rataya a haska ma hitila. Kun ga amfanin tahiya ke nan. Tahiya ita ka ƙara ma abu daraja."

Modi ya mayar da cikin jakar, ya kakkaɓe ta, ya miƙa masa da ladabi.

"Wanga gaskiya na, taubashi. Ku biyu kunka ƙetare teku: ita ta dawo da daraja, kai ka dawo tallabe da wando."