Bahaguwa ta Filin Sukra Ta Riga Mu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga abin da ba makawa, Malam Mainassara magini, mutumin Tawa mazaunin unguwar Abdulkafi a nan Sabha, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na Nijar da na Najeriya da masu gari, rasuwar abar ƙaunarsa Bahaguwa. Ta cika ranar Juma'ar da ta gabata bayan la'asar, a kwana ta biyu ta zagaye na uku, a filin tsere na bayan unguwar Sukra, tana kan gaba. Ta yi shekara shida a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a ƙasar sanyi, waɗanda ba ta taɓa ba kowa labarinsu ba.

Saboda baƙon da ya sauko daga babbar mota jiya, bari a yi bayani. Bahaguwa moto ce, babur in ji mutanen Kano, amma ba irin wadda ake zuwa cefane da ita ba. Ta tsere ce. Ba ta da birki, ba ta da fitila, ba ta da madubi, giyarta ɗaya tak. Tun da aka ƙera ta ba ta taɓa karya kwana ta dama ba, hagu kaɗai ta sani, shi ya sa aka raɗa mata sunan. Su biyar suka zo garin nan cikin akwatunan katako a shekarar 1972, tare da wasu Turawa masu haƙar rijiyoyi. Turawan ne suka share fili mai siffar ƙwai a gonar Haj Barka, wani dattijo mai dabino. Da kwangilarsu ta ƙare suka sayar da motocin biyar ga duk mai ƙarfin hali, suka koma gida. Daga nan ƙungiyar tseren Sukra ta samo asali.

Mainassara na cikin masu ƙarfin halin. Ya hau ta sau ɗaya a rayuwarsa. Waɗanda suka shaida sun ce ya nemi birki da hannun dama, ya nema da na hagu, ya nema da ƙafa, daga ƙarshe ya nema da salati, sai shingen kaba na Haj Barka ne ya taimake shi. Ya fito da ƙaya a wuraren da ba a faɗa a takardar rasuwa. Tun ranar ya gane Allah ya yi shi ɗan kallo, kuma ya riƙe matsayin nan da mutunci. Ya danƙa ta ga Hassane mai walda, shi ke hawa. Shi kuwa maigidanta ya samu wata tsohuwar durom a bakin kwana ta biyu ya mai da ita kujerarsa. Shekara shida ba Juma'ar da ta same shi a wani wuri. A can yake tsaye yana ihu, tana wucewa a karkace tana watsa masa yashi a fuska, yana cewa a ƙara. Maiɗakinsa Kaltoumi ta shaida cewa ba ta taɓa tambayarsa wa ya ci ba, gemunsa take dubawa.

Marigayiyar tana da halaye da za a daɗe ana tunawa. Mace ce mai aji, ba ta tashi don an taka ta. Sai ƙarti biyu sun tura ta suna haki, ta ɗan yi shiru kamar tana shawara, sannan ta ce tuf, tuf, tuf-tuf-tuf, ta buɗe murya. Muryar nan kuwa har unguwar Mahdiya ake jin ta. Masu shago sun san cewa in ta ce ɓarrr an saki igiyar tashi, in ta yi ƙasa da murya tana gurnani ta shiga kwana. Ƙamshinta na man zurma ne, mai kama tufafi kwana uku. Ba ta da girman kai: ta ci ɗan Agadas, ta ci ɗan Kano, ta ci ɗan gari, duk da yashi iri ɗaya ta wanke musu fuska. Ta kayar da Hassane sau goma sha ɗaya, kuma shi da bakinsa ya ce goma laifinsa ne. Na sha ɗayan sun bar shi a tsakaninsu.

Ba za a ɓoye ba, ta ga zamani biyu. A na farko, Juma'a in ta yi, ba masaka tsinke a filin. Leburori daga gine-gine, masu ban ruwan gonaki, 'yan tireda, yaran gari a kan katanga, mutum ɗari uku ko fiye. A nan baƙo ke samun labarin ƙauyensu, a nan ake jin inda ake neman ma'aikata. Sai arzikin mai ya buɗe sosai, Allah ya ƙara, ba wanda ke kuka da shi. Amma wannan ya sayi talabijin, wancan ya sayi mota yana zaga gari da ita ba inda za shi, wani kuma mudir, wato manajansa, ya ce ya zo aiki ranar Juma'a a ninka masa. Kowa ka tambaya sai ya ce mako mai zuwa. Mainassara ya tsaya a kan durom ɗinsa yana kallon filin yana ramewa, abin yana cin sa fiye da yadda yake nunawa.

Sannan ga maganar Haj Barka. Gari ya matso, benaye sun kewaye gonarsa ta gefe uku, wani ɗan kwangila kuma ya kai masa gaisuwa har sau huɗu. Dattijon mutumin kirki ne, bai kori kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, muddin jama'a na taruwa, fili nasu ne. Amma duk Juma'ar da ya tsaya a bakin titi ya ƙirga 'yan kallo suka ƙare a yatsun hannunsa, to ya san wasan ya mutu, zai ba da wurin a zuba siminti. Juma'ar da Bahaguwa ta rasu ya zo. Mainassara ya hango shi daga nesa yana lanƙwasa yatsu. Tara ya samu, har da mai shayi. Ya tsaya yana duban ɗan yatsan da ya rage masa, ya ce bahi, wato ba laifi, tunda an yi rashi ba zai yanke magana a kan gawa ba, ya ƙara musu mako ɗaya.

Game da jinyarta, ta fara ne da ɗan tari bayan gibli, iskar nan mai zafi da ƙura, ta bana. Aka kai ta warsha wurin Souley makanike a Mahdiya, ya sa kunne ya saurara, ya ce yashi ya shiga inda bai kamata ba. Ya wanke, ya canza buji, ta ɗan murmure. Bayan wata biyu ta fara wata ƙara a ciki, kas-kas-kas, kamar ana taunar tsakuwa a tuwo. Aka aika har Tarabulus neman kayanta. Ɗan aiken ya dawo ya ce dariya aka yi masa, wai wa ke gyara a wannan zamani, a jefar a sayi sabo. Souley ya ba da shawara a kwantar da ita. Amma tsere sai da huɗu, haka dokar take tun zamanin Turawan, kuma huɗun ne kaɗai suka rage a fili. In ta kwanta, kowa ya kwanta. Mainassara ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya ce a tura ta. Wannan hukunci nasa ne, kuma ya ce a rubuta a nan cewa ya san nasa ne.

Ta tashi ranar ba gardama, turawa ɗaya. Ta riga kowa fita, ta riƙe gaba zagaye biyu. A na uku, daidai gaban durom ɗinsa, ta watsa masa yashi kamar kullum, ta ce kwaf. Shi ke nan. Hassane ya ja takalmin ƙarfensa a ƙasa har ta tsaya. Souley ya buɗe ta a wurin, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali. Mainassara bai sauko daga durom ba sai da aka kira magariba.

Ta rasu ta bar maigidanta, da mahayinta Hassane, da likitanta Souley, da takalmin ƙarfe ɗaya na ƙafar hagu wanda yanzu ba shi da aikin yi. Ta bar 'yan'uwa uku a fili: Jar Wuya, da Mai Tari, da Hajiya Ba-Sauri. Ta kuma bar autarsu, ta biyar ɗin, wadda ke cikin kulle shekara biyu a bayan shagon Alhaji Muƙaddas na Mahdiya, an lulluɓe ta da tamfol tsakanin buhunan shinkafa. Alhaji da kansa ya hau ta a da, kafin Fijo ta shigo gidansa tumbi ya biyo baya. An roƙe shi ya fito da ita ya fi a ƙirga, kullum sai ya ce sai ya duba. Iyalan mamaciya ba su zo da roƙo ba wannan karon. Suna dai tunatar da Alhaji cewa ko mai tsananin kulle yakan bar mace ta je gaisuwar 'yar'uwarta, kuma idon jama'a na kan hanya.

Akwai masu tsegumi da ke cewa wannan makoki duk dabara ce. An kai wa Mainassara maganar, bai musa ba, ya ce ma dabarar ba tasa ba ce. Ranar Asabar yana zaune ya tasa tuwo a gaba ya kasa ci, Kaltoumi ta dube shi ta ce: "Maigida, mi kake ma zugum? Mutanenmu in ka kira su wasa, aiki ya riƙe su. Amma ka taɓa ganin wanda aiki ya hana zuwa gaisuwar mutuwa?" Ya ce bai taɓa gani ba. Ta ce to ya ci tuwonsa. Sai dai masu tsegumin su sani, hawayen da ya zuba a cikin miyar nan ba na dabara ba ne.

An nemi fatawar limamin unguwa. Ya ce ƙarfe ƙarfe ne, ba wanka, ba likkafani, ba salla, kada wanda ya kuskura. Amma bai ga inda aka hana mutane zama su jajanta wa ɗan'uwansu ba, kuma sadaka ba ta taɓa zama laifi ba. Ya tambaya ko za a yi masa da miya. An ce za a yi.

Saboda haka, ga yadda aka tsara. Za a yi zaman makoki ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar, a filin Sukra, ba a gida ba, don ɗakin Mainassara ba ya ɗaukar mutum biyar. Za a ajiye mamaciya a layin tashi, a gurbinta na huɗu. Maigidanta, wanda ya rantse ba zai sake kama ƙahonta ba, zai kama, ya kai ta kwanar da ta cika, daga nan ya tura ta da ƙafa zagaye ɗaya da rabin da ya rage mata, ta hagu, har ta ƙetare layi. Daga nan za a jingine ta a jikin durom. In autar ta samu izinin fitowa, 'yan'uwa huɗu za su yi zagaye huɗu don girmamawa, kuma ba a hana ihu ba. Sadakar bakwai, in an ƙirga daga ranar makoki, za ta faɗo Juma'a ta gaba, a wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Ta arba'in, bisa lissafin Kaltoumi, ita ma Juma'a ce, haka duk waɗanda ke tsakani.

Mai mota ya zo da motarsa, ba wanda zai yi masa gori. Mai talabijin ya kashe ta awa biyu, ba za ta gudu ba. Wanda mudir ya riƙe ya ce an yi masa rasuwa, ba ƙarya ya yi ba. Kowa ya zo da tabarmarsa da maƙwabcinsa, a zauna ta gefen titi, inda dattijo zai gani ba tare da ya shigo fili ba. Haj Barka ya yi alkawarin zuwa, da yatsunsa goma. In kun zo, gawa ɗaya za mu raka. In kun ce mako mai zuwa, biyu ce, kuma ta biyun siminti za a rufe ta da shi, wataƙila ma Mainassara ne za a ɗauka ya jera bulon.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa a ga fuskokinku.