Makokin Karen Baturiya

Ni da na tashi a gidan mahauta, wai 'yata Rabi ce za ta koya mini nama! Tana aikatau gidan wata Baturiya a unguwar Ma'adi, matar ta yi tafiya ta bar mana amanar ɗan karenta. Kullum korarsa nake yi, shi kuwa yana bakin ƙofa yana jira in idar da salla.

Na ga busasshen naman karnuka a wani kanti, ledar ta ɗan kumbura, na sayo masa. Rabi ta ce, "Inna, an ce irin wannan yana kashe su." Na sansana, na ce, "Rufe mini baki, ko kilishi albarka!"

Washegari ya fara amai. Likita ya ce naman ya gurɓace, ƙodarsa ta lalace. A cinyata ya mutu, ni da ko jelarsa ban taɓa taɓawa ba. Rabi ta rasa aikinta, na yi kuka har maƙwabta suka ji.

Har yau matan unguwarmu, Hayyin Ashir, in sun gan ni sai su durƙusa: "Hajiya, ya haƙuri? Yaushe ne sadakar arba'in?"