Laujen Bahago

"Lafiya lau, maigida, tunda ba yunwarka ce ta kashe ni ba. Ga saƙonka."

Kaka ce ta miƙa wa jikanta Bahago lauje sabo fil a ƙofar ɗakinta. Nasa ya karye jiya a gonar shinkafa, ga motar 'yan ƙwadago tana ta oda a bakin hanya, kuma wanda ba shi da lauje ba a ɗaukarsa. Yankan kwana goman nan shi ne abincin gidan har damina, ga matarsa da ciki haihuwa yau ko gobe. Yana juya laujen gabansa ya faɗi. Wasin na masu hannun dama ne.

"Amarya, shekara talatin da aurenmu, ba ki san hannun da nake noma da shi ba?"

"Mazan kirki da dama suke aiki. Ni ce Allah ya haɗa da bauɗaɗɗe."

"Aikin banza, makaho da waiwaye. Wannan ai sai dai ya yanke mini yatsa. Idon ne ya tafi, ko maƙerin ne ya yi miki murmushi?"

"Maƙeri ya fi ka, ko banza kullum da wuta a gidansa."

Wannan kam ta soke shi, don jiya ba a hura murhunsu ba. Direba ya sake danna oda.

"To na sake ki, saki uku."

"Da me ka aure ni? Da fartanya mai giɓi?"

Ya waiwaya ya dubi motar, ya sake duban laujen. "Kaka, motar za ta tashi."

Rabonsa da kiranta Kaka har ya manta. Tsohuwa ta dube shi, ta shige ɗaki. Ya ji ana jan akwati. Ta fito da wani lauje naɗe cikin tsumma, ƙotarsa ta yi baƙi saboda riƙo.

"Na mijina na gaske ne. Shi ma bahago ne, wurinsa ka kwaso tsiyar. Shekara goma sha biyu da rasuwarsa ina shafa wa laujen nan mai, ban taɓa bari wani ya riƙe ba."

Ya riƙe da hagu, ƙotar ta zauna masa cif a tafi. Idonsa ya ciko.

"Da tsohuwar zuma ake magani. Amarya, na mayar da ke."

"Tafi can," ta ce tana dariya, tana share ido da gefen zane. "Ka cika rumbu tukuna, sai in duba ko zan dawo."