Ranar Da Aka Zo Mini Ta'aziyyar Murjani

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis da na tara matan layinmu a Sabo, suna salati suna sharar hawaye, a kan abin da ko jini ba shi da shi.

Maigidana sana'arsa haɗa wa masu hali tankin kifi na gilashi. A falonmu ma akwai ɗaya, inda yake renon abin da yake kira murjani. Ba irin na wuyan kakata ba ne. Wannan mai rai ne, mai laushi, wani kamar naman kaza, wani kamar ciyawa yana rausaya cikin ruwan gishiri, kore shar da ruwan hoda. Son da yake musu har ya kai ya raɗa wa 'yarmu Murjanatu. (Ni dai na ce to, gara da bai ce Tarwaɗa ba.)

Ranar da zai tafi aiki Ilori, sai da ya tsayar da ni gaban tankin kamar 'yar firamare.

"Maman Murja, abu uku ne. Idan ruwa ya sauka ƙasa da layin nan, ki ƙara na jarkar nan, kar ki ƙara gishiri. Kar ki sa hannu ciki da man shafawa. Fitilar nan shuɗiya da fankar ruwan kuma, kar a kashe su. Koren can na wani Alhaji ne, jibi zai zo ɗauka."

Na ce, "Haba, jaririya ma na riƙe, balle ciyawa."

Yana kama hanyar tashar Ojoo na goya Murja na hau aikin kunun aya, don shi nake sayarwa a gida. Soket ɗin kicin ya ƙi. Na ɗauko bilenda na zo falo, na zare wata waya na cusa tawa. Har na ji daɗi da falon ya yi tsit, na kwantar da yarinya a ɗaka ta samu barci.

Sai bayan azahar na waiwayi tankin. Wayyo ni! Duk sun ƙanƙance. Koren Alhaji ya koma kalar tsohon goro, ya langaɓe gefe ɗaya. Na ƙwanƙwasa gilashi, ko motsi. Ni da ko atishawa Murja ta yi sai na kira Innata a waya, ina hankali zai tsaya? Na fita tsakar gida inda waya ke kamawa, ina tsalle ina ihu.

"Baban Murja! Murjanin ya mutu! Wallahi ya mutu, ko motsi ba ya yi!"

Layi ya katse. Ashe Iya Basira, Bayarabiyar da muke haya gida ɗaya, tana bakin famfo. Hausarta ba ta raba "ya" da "ta". Ta yar da bokiti ta ɗora hannu a ka.

"Yee! Murja ya mutu? Ori mi o!"

Ni kuma, don wauta, na ce, "Eh, Iya, ni na kashe!"

Kafin in share majina, ta kai ƙarshen layi. Na koma falo na zauna gaban tanki ina kuka, sai ga mata suna shigowa da mayafai. Hajiya Babba, wadda ake kira idan an yi haihuwa ko rasuwa, ta dafa kafaɗata.

"Sai haƙuri, 'yata. Wanda ya ba ki shi ya karɓa. Zazzaɓi ne?"

Na ce, "Hajiya, da safe fa kore ne shar."

Ta dube ni. "Kore?"

"Jibi ma wani Alhaji zai zo ɗauka."

Daidai nan Murja ta tsala kuka daga ɗaka, irin kukan mai neman nono. Wata ta zabura har ta taka mayafin wata. Hajiya Babba ta shiga ta fito da ita, tana wutsil-wutsil da ƙafa.

"To wa ya mutu, don Allah?"

Na nuna tanki da yatsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Wayata ta yi ƙara, yau har cikin falo ta kama, maigida ne, na danna ta a fili, kowa na ji.

"Maman Murja, fitilar tana ci? Fanka tana juyawa?"

Na kalli bango. Ga wayar bilenda ta ƙame a soket kamar gidan ubanta. Na gaya masa ashe wayar tankin na zare.

"Mayar da ita," in ji shi. "Fushi suka yi. Idan ruwa ya daina kaɗawa sai su rufe, kalar kuma shuɗin haske ke fito da ita."

Na mayar. Matan suka ƙi tafiya, wai sai sun ga tashin gawa. Na zuba musu kunun aya, kunun sadakar da babu mamaci. Wajen la'asar koren ya miƙe, ya fara buɗe ƙananan yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Iya Basira ta manna hanci a gilashi ta ce, "Pele o, sannu, Murja Alhaji, ka tashi lafiya?"

Har yau idan na wuce layi sai wata ta ce, "Ya haƙuri, uwar marigayi?"

Na koyi duba soket kafin in buɗe baki. Maigida kuma na gaya masa, idan Allah ya ba mu ta biyu, ni zan zaɓi suna, kuma ba daga cikin tanki ba.