Ranar da Na Gina Katangar Jamus a Zurmi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, amma ba zan taɓa iya manta ranar da na raba ƙasar Jamus gida biyu a cikin wani aji a Zurmi ba, har na rantse a kai.

Lokacin jiharmu ta Zamfara ba ta daɗe da samuwa ba, ga Shari'a an ƙaddamar, malamai da dama 'yan wasu jihohi sun koma gida. Makarantu suka shiga neman malamai ido rufe. Ni kuwa shekarata biyu da gama kwalejin horon malamai, takardata na ƙasan akwati, ni ina gonar gero a bayan Kaura Namoda. Duk wanda ya gan ni da fartanya sai ya ce, "Malam, ya ɗalibai?" (Har yau ban san ko gaisuwa ce ko tsiya ba.) Don haka da na ji za a ɗauki malamai, na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na samu aikin nan.

Tsarin gwajin shi ne kowa ya zari takarda daga cikin hula, a ba shi mako guda, sannan ya zo ya koyar da abin da ya zara a gaban ɗalibai da alƙalai. Tawa ta ce: ƙasa mai ci gaban masana'antu, Jamus, tattalin arzikinta, hanyoyinta da sojojinta. Ni da iyakacin tafiyata Sakkwato.

Na garzaya wurin kawuna, tsohon akawun tashar jirgin ƙasa ta Kaura, wanda ba ya yar da takarda ko ta ƙunshin ƙosai ce. Ya tona wata adaka ya zaro wani littafi mai kauri, bangonsa ya cire, gara ta ɗanɗana shafukan farko.

"Amshi, ɗana," in ji shi. "Littahin ga babu abin da bai hwaɗi ba bisa Jamus. Da shi nic ci jarabawar ƙarin girma."

Ban tambaye shi wace shekara aka yi jarabawar ba. Na rungume littafi na yi gida.

To, ni Allah ya ba ni hadda. Tun ina makarantar allo ake nuna ni, kuma da ita na ci duk jarabawar boko, ko na gane abu ko ban gane ba. Kwana shida ina zaune gindin bishiyar bedi ina rangaji kamar mai tilawa. Na haddace yankin da suke haƙo kwal suna narka ƙarfe. Na haddace masana'antun motoci da na magunguna, da kogin da jiragen ruwa ke dakon kaya a kansa, da titunan da mota ke gudu iya ƙarfinta babu mai tsayar da ita, da jiragen ƙasan da ake saita agogo da isowarsu. (Wannan ya taɓa min zuciya, don namu na Kaura in ya ce Talata, to a fara duba hanya Alhamis.) Abin da ya fi burge ni shi ne babin sojoji: Jamus biyu ce, ta Yamma da ta Gabas, kowace da rundunarta da tankokinta, sun zuba wa juna ido, ga wata katanga da ta tsaga birnin Berlin. A makon nan ko majalisar mai shayi ban leƙa ba. Na ce masu zaman rediyo ba su da abin da za su koya min.

Ranar gwaji na saka farar shaddata, na hau motar Zurmi da taswirar da na zana a kwali, ina riƙe da ita sama kada buhunan gero su murƙushe min Jamus. Alƙalai biyu ne a bayan aji: shugaban kwamiti, wani dattijo mai furfura daga Gusau, da wata Hajiya mai tabarau, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata. A bakin taga kuma masinjan makarantar ne, tsoho, zaune da rediyonsa rataye a wuya.

Na fara, kuma gaskiya na fara da kyau. Turanci na zuba, ina ɗan kwaɓawa da Hausa. Na narka ƙarfe, na ƙera motoci, na shimfiɗa tituna. Na ga shugaba yana gyaɗa kai, sai kaina ya ƙara girma. Da na iso kan sojoji na ce a tashi. Na sa aka jera bencina a tsakiyar aji tun daga allo har bango, aka ɗora wasu a kan wasu. Rabin ɗalibai suka koma dama, rabi hagu.

"Ku ne sojojin Yamma, ku kuma na Gabas," na ce. "Wannan ita ce katanga. Duk wanda ya ƙetara, harbi!"

Yara suka ji daɗi, har wasu sun ɗaga rula sun saita juna. Sai Hajiya ta ɗaga biro.

"Malam, katangag ga tana nan har yanzu?"

"Tana nan daram, Hajiya."

Ta gyara tabarau, ta sake tambaya a hankali, kamar mai lallashi. "Ina nuhin yau da muke magana, Malam. Ka tabbata?"

A nan mai hankali zai tsaya. Ni kuwa na ɗauka gwada ni take ta ga ko zan girgiza. Na dafa bencin sama na ce, "Wallahi, Hajiya, yadda kike ganin bencinan nan, haka take tsaye. Yanzu haka akwai soja a kanta da bindiga."

Sai muka ji wani irin tari daga taga. Tsohon masinja ne dariya ta shaƙe. Ya leƙo da kai ya ce, "Malam, gahwara dai. Katangar da anka rushe yau shekara goma? Ni da kunnena nij ji ana sara ta da guduma. Jamus ai ɗaya ta yanzu, har sojan nasu sun haɗe."

Nan take ajin ya fashe. Sojojin Gabas suka faɗa kan na Yamma don dariya. Shugaba ya rufe fuska da fayil, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa gumi ya jiƙa shaddar nan sharkaf, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. (Sai daga baya na lissafa: lokacin da duniya ke kallon katangar na faɗuwa, ni ina sakandare, abin da ke kaina ƙwallo ne kawai.) Na dubi ƙofa, taku huɗu ce. Amma bayan ƙofar nan fartanya ke jirana.

Na juyo wurin alƙalai na ce, "Hajiya, na yi rantsuwa kan abin da ban sani ba, astagfirullah. Littafina ne ya tsufa, ni kuma ban bincika ba." Na juya ga ɗalibai. "To, tunda an rushe ta, ku zo mu rushe tamu."

Muka sauke bencina ɗaya bayan ɗaya. Na roƙi tsohon ya shigo, ya tsaya gaban allo da rediyonsa ya ba mu labarin yadda aka yi, ni ina rubuta kanun maganarsa da alli. Na ƙarasa darasina a haka, murya a dushe, amma sai da na kai ƙarshe.

Bayan mako uku takarda ta iso. An ɗauke ni, an tura ni Shinkafi. Na duba darasin da aka ba ni, ba labarin ƙasa da na nema ba ne. Tarihi ne. A ƙasa an ƙara layi ɗaya da jan biro: "Mun ga nan ya fi ƙwarewa."

Na karɓa hannu bibbiyu, na kuma koyar da shi shekara da shekaru. Tun daga ranar ba na haddace littafi sai na nemi shekarar da aka buga shi. Kuma idan babba ya yi min tambaya ɗaya sau biyu, na san ba don bai ji amsata ba ne, hanyar tsira yake buɗe min, sai in yi maza in bi.